Agogon Da Na Sayar Wa Alhaji Nomau

Sabon Birni.

Zuwa ga ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Bashiru. Allah Ya sa kun sauka Kaduna da ƙafar dama, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Innarki tana gaishe ki, har yanzu in ta zuba abinci sai ta yi kuskure ta zuba da naki.

Uwata, tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata ban taɓa kama sunanki da bakina ba. Yau ma na rubuta shi a sama ne don direban da za ni ba takardar ya san hannun da za ta shiga. Ranar da kika zo bankwana, kin tsuguna gefen teburina a bakin kasuwa, kika ce maigidanki ya yarda ki ci gaba da saye da sayar da agogo ta waya daga cikin ɗakinki. Na ce Allah Ya sa albarka, na duƙa kamar ina neman wani ɗan sukuru da ya faɗi ƙasa. Babu abin da ya faɗi. Magana ce na kasa faɗa miki, ga mutane tsaye, ga mota tana jiran ki. Ita za ni rubuta miki yanzu. Labarin gida innarki za ta ba ki ta waya. Ni kurakuraina za ni zayyana miki, waɗanda na yi cikin sana'ar da kika ɗauka daga hannuna.

Kin tashi kin iske teburina da mutane: malamai masu son sanin lokacin salla, direbobi, ma'aikatan ƙaramar hukuma. Da waya ta shiga aljihun kowa, sai in wuni ban buɗe bayan agogo biyu ba. Ke ce, kina ajin ƙarshe na sakandare, kika nuna mini kasuwannin intanet inda mutanen Legas da Abuja da ƙasashen waje ke neman tsoffin agogo masu wani, waɗanda ake wanawa da hannu, irin waɗanda nake tarawa cikin gwangwani ba mai tambaya. Na yi murna ƙwarai, don na ga ashe abin da na iya bai mutu ba. Abin da ya biyo baya ba laifinki ba ne ko kaɗan. Ni ne na shiga da gaggawa da kwaɗayi.

Kuskurena na fari a kan agogon kakanki na yi shi. Ba ki riski Malam Hamidu ba, mahaifina, wanda ya karantar a Tsamaye har ƙarshen rayuwarshi. Shekarar da ya yi aikin hajji ya sayo wani agogon hannu ƙirar Suwizalan, mai wani. Kullum bayan asuba sai ya wana shi kafin ya buɗe littafi. Fuskar agogon ta yi ɗorawa-ɗorawa kamar tsohuwar takarda, kuma a gefenshi akwai wata lotsa ta ranar da jaki ya kayar da Malam a hanyar Alƙalawa. Da ya rasu aka bar agogon a hannuna saboda ni ne mai gyara. Ba wanda ya ce nawa ne. An dai bar mini ajiya, ni kuwa da shekaru suka yi nisa sai na ɗauka mallaka ce.

Da na ga yadda ake neman irinshi, sai na ce bari in gyara shi ya yi kyau. Na goge jikinshi har lotsar ta kusa ɓacewa. Na cire tsohuwar fuskar na jefar, na sa mishi wata fara tas da na ciro daga wani agogo. Ya fito shina ƙyalli, ni kuma ina jin na yi gwaninta. Na ɗauki hoto na sa a kasuwa.

Kwana biyu wani dattijo ya kira daga Legas, shina ɗan jin Hausa. Ya ce, "Baba, ina fuskarshi ta asali?"

Na ce, "Ta tsufa, na cire ta."

Sa'an nan ya ce, "Ita nake nema. Tsufan nan shi muke saye. Yanzu abin da ke hannunka ba tsoho ba ne, kuma ba sabo ba ne."

Bai saya ba. Haushi ya sa na sayar wa wani da ya taya da arha, don kawai in daina ganin shi.

Bayan wata ɗaya Gwaggonki Rabi, yayata, ta zo daga Tsamaye. Muna zaune a tsakar gida ta ce, "Umaru, ɗauko mini agogon Malam in gani. Kwanan nan ina yawan tuna shi." Na gaya mata abin da na yi. Ta dube ni ta ce, "Da izinin wa?" Na fara maganar ba ta rabonta. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ni ba kuɗi na zo nema ba. In na kanga shi a kunne, ji nake kamar Malam na bayan zana shina karatu. Shi ke nan abin da nake so." Ranar ba ta kwana ba kamar yadda ta yi niyya, ta hau kabu-kabu ta koma tun kafin la'asar.

Uwata, in tsohon agogo ya shigo hannunki, ki share mishi datti, ki sa wa injinshi mai, ki tsaya nan. Kada ki goge tabo, kada ki canza fuska, kada ki sa allurar wani a jikin wani. In ya zama dole a canza wani abu, ki adana wanda aka cire, ki gaya wa mai saye. Kuma duk wanda ya kawo miki agogo ya ce na mahaifinshi ne, ki tambaye shi ko 'yan uwanshi sun sani. Tambayar tana da nauyi, wani ma za shi ji haushi ya tafi. Ki bar shi ya tafi. Akwai wata Rabi a kusan kowane gida da ba a shawarta ba.

Maimakon wanga abu ya sanyaya ni, sai ya tunzura ni. Na ce sai na mayar da abin da na rasa. Ina cikin dube-dube a wani shafin kasuwar intanet na ga hoton wani agogo mai ruwan zinariya, mai babban suna, irin wanda manyan 'yan kasuwa ke ɗaurawa. Abin da mai shi ya sa bai kai rabin na sauran ba. Na yi mishi magana. Ya ce mahaifinsu ya rasu, rabon gado ake yi, suna gaggawa. Ya yi ta kiran sunan Allah, ya kira ni Baba, ya tambayi lafiyar iyali. Sa'an nan ya ce mu fita daga shafin mu yi magana tsakaninmu, don masu kasuwar suna yankar kaso mai yawa, gara in amfana da shi. Kin san shafin nan shina riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun iso ya duba. Na sani ni ma. Amma na bi shi, saboda ya ce akwai wani mutum a Abuja da ke jiran amsa kafin azahar. Na sayar da geron da na ajiye don damina, na tura mishi kuɗin kai tsaye.

Kayan sun zo tashar Sakkwato, daga nan wani direba ya kawo mini. Tun kafin in buɗe bayanshi na ga alama. Allurar daƙiƙa tsalle take yi ɗaya-ɗaya, alhali ta irin wanga agogo tafiya take sumul ba tsayawa. Na cire marfin baya. A ciki wani ɗan injin roba ne mai batir, an kewaye shi da zoben ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Na kira lambar, a kashe. Na koma shafin, babu shi babu hoton.

Shekara talatin da ɗoriya ina buɗe agogo, amma hoto ya ruɗe ni kamar wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba. Don haka ki ji da kyau. Kada ki sayi agogon da ba ki ga cikinshi ba. Ki ce a buɗe baya a ɗauko miki hoton inji da lambar da ke jikinshi. Ki zaɓi wani lokaci da kanki, ki ce mai shi ya juya allura ya kai ta nan, ya ɗauko bidiyo a hannunshi, don ki tabbata abin shina wurinshi, ba hoton wani ya sato ba. Ki duba tun yaushe yake ciniki a shafin da abin da waɗanda suka saya a hannunshi suka ce. In ya ce ku koma gefe, ki ce a'a, ko da kuwa muryarshi ta yi kama da ta limami. In ya ce wani shina jira, ki ce ya ba wancan. Kuma in arhar ta yi yawa, ki tambayi kanki me ya sa cikin duk masu kuɗin ƙasar nan ba wanda ya riga ki gani.

Wannan asara ce ta dukiya, kuma da na tsaya a nan, da yanzu na manta da ita. Abin da za ni faɗa yanzu shi ne dalilin wagga takarda.

Kin san Alhaji Nomau, ɗan kasuwar hatsi na Isa. Abin da wataƙila ba ki sani ba, tare muka yi karatun allo a gaban Malam, a tabarma ɗaya. Ranar da za a haife ki, haihuwar ta zo wa innarki da gardama, shi ya bar awon da yake yi ya ɗauke ta da motarshi zuwa asibiti. Duk ranar kasuwa in ya shigo Sabon Birni, a bencina yake zama, mu sha fura a kwano ɗaya.

Agogon ya yi mako biyu cikin aljihun teburina, ban gaya wa kowa ba don kunya. Wata ranar kasuwa na jawo aljihun za ni ɗauko wa Alhaji goro, idonshi ya faɗa kai.

Ya ce, "Kai, Umaru, wanga fa? Ai irin na manya ne."

Na ce, "Irin nasu ne."

Ya ɗauka ya jinjina, ya gwada a hannu. Ya yi mishi kyau, ba ƙarya. Ya ce, "Ka buɗe shi?"

Na ce, "Na buɗe."

Ya ce, "To, in ka buɗe magana ta ƙare. Ni ban san agogo ba, kai na sani. Nawa ka saye shi in ɗora maka riba?"

Uwata, tsakanin tambayarshi da amsata akwai lokacin da ya isa in faɗi gaskiya sau goma. Na tuna rumbuna da na kwashe, ga damina ta matso. Na ce wa zuciyata ai ban yi ƙarya ba, ya tambaya ko na buɗe, kuma na buɗe. Na ce ai Alhaji mai hali ne, ba za shi ji ba. Na faɗi kuɗi. Bai taya ba, ya biya.

Ban tsaya nan ba. Da ya ɗaura, na ce ya miƙo hannu in ɗauki hoto don talla. Ya yi dariya ya miƙo. Na sa a shafina da kan wayata, na rubuta a ƙasa cewa na asali ne, ƙirar Suwizalan, a hannun babban ɗan kasuwarmu na Isa. Fuskarshi ba ta fito ba, amma zoben azurfarshi ya fito, da aikin hannun rigarshi. Wa ke Isa da bai san su ba? Kin ga ƙaryar da na ce ban yi da baki ba, ga ta na yi da yatsa tun kafin ya kai tasha.

Lokacin kina makaranta a Sakkwato. Kin ga hoton kin kira ni cikin murna, kika ce, "Baba, yaya injinshi yake? Ka ɗauko mini hoto in gani." Na ce miki sabis ba kyau, ba na jin ki. Ina jin ki sarai.

Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Duk wanda ya tura sai ya ƙara wa kuɗin, har aka kai ga cewa Alhaji Nomau shina yawo da kuɗin gida sukutum a hannunshi. Ina jin ana faɗa a kasuwa, ina jin daɗi, don sunana ake haɗawa da abin, kuma aiki ya fara dawo mini.

Bayan wasu watanni agogon ya tsaya mishi a Maraɗi, inda ya je ciniki. Ya kai wa wani mai gyara, aka buɗe a gaban abokan tafiyarshi. Ban san abin da aka ce mishi a can ba, bai taɓa gaya mini ba. Ranar kasuwa ya zo, ya yi sallama, bai zauna ba. Ya ajiye agogon kan teburina ya ce, "Batirinshi ya mutu. Sa mishi wani."

Ke kin san abin da wagga magana ke nufi. Na asali ba shi da batir. Shi ma yanzu ya sani, kuma ya san na sani. Ya tsaya shina kallona, na buɗe marfin, na ciro mataccen batirin, na ɗauko sabo. Na ɗora, na rufe, na miƙa mishi ban ɗaga kai ba. Ya tsaya kaɗan. Yanzu na gane jira yake in yi magana. Ban yi ba. Ya ajiye kuɗin batir ya tafi. Daga ranar, in ya shigo kasuwa za shi ɗago mini hannu daga nesa, amma bai sake zama a bencina ba.

Ki kiyayi gaskiyar da aka faɗi rabinta don a ɓoye sauran. Mai saye ba kalmominki yake saye ba, abin da ya fahimta yake saye, kuma kin san abin da ya fahimta. Ke ma wata rana za a cuce ki, duk wanda ya daɗe a wagga sana'a sai an cuce shi. In ranar ta zo, ki bar asarar ta mutu a hannunki. Ki kai ƙara ga masu shafin, ki gargaɗi sauran masu saye, ki fasa jabun da guduma in kin ga zuciyarki tana yi miki raɗa. Kuma ki sani wanda ya fi sauƙin cuta shi ne wanda ba za shi bincike ki ba saboda ya yarda da ke. A can baƙi za ki sayar wa, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba. Ki riƙe kowannensu kamar shi ya kai innarki asibiti.

Da abin ya tsaya kan abota, da na ce hukuncina ke nan. Amma kin san halin da ƙasarmu ke ciki. Ana tsakiyar damina mutanen daji suka fara kiran wayar Alhaji. Suka ce sun ji labarin abin da ke hannunshi, wanda ke ɗaura irin wannan ai shina da abin da za shi ba su. Ya rantse musu agogon jabu ne. Suka ce, "Umaru mai agogo ya rubuta na asali ne, kuma kowa ya san Umaru ba ya ƙarya a kan agogo."

Matarshi Hajiya Kulu ce ta aiko wa innarki da wagga magana. Innarki ta same ni ina alwalar azahar, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, Hajiya Kulu ta ce don Allah ka fito ka faɗa wa mutane agogon nan ba na asali ba ne. Ta ce maganarka kaɗai za a yarda da ita. Gaskiya ne jabu ne?"

Na ce, "Gaskiya ne."

Ta ce, "To mi kake jira?"

Na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Abin da na yi kawai shi ne na goge hoton daga wayata, alhali shina cikin wayoyin da ban san iyakarsu ba. Ina tsoron a ce Umaru ya sayar da jabu, aikin da ya fara dawowa ya sake gudu. Kullum in ce ƙila barazana ce kawai, za su gaji su bari. Kwana goma na yi a haka. Ranar na sha ɗaya labari ya zo cewa Alhaji ya rufe sitonshi, ya kwashe iyali, ya ƙetare iyaka zuwa wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ya bar gonarshi gero ya fara fitar da kai.

Ba za ni ce da na yi magana lalle da sun ƙyale shi ba. Allah kaɗai Ya san wannan. Abin da na sani shi ne an roƙe ni abu ɗaya da ke hannuna, na hana.

Don haka, Uwata, kada ki taɓa sa hoton mai saye, ko hannunshi, ko sunan garinsu. Kada ki sa hoton ɗakinki, ko ƙofar gidanku, ko abin da za a gane unguwarku da shi. Ki ɗauki hoton agogo kan farin ƙyalle kawai. Kada ki ɗaura kayan sayarwa ki je biki. Kada baƙo ya zo karɓar kaya gida, Malam Bashiru ya kai mishi wurin da ke da jama'a, da rana tsaka. Abin da kika sa a waya ba ki san idon da za shi faɗa ba, kuma ba a dawo da shi.

Na yi fiye da shekara ban je ba. Sai muka ji Alhaji ba shi da lafiya. Innarki ba mai yawan magana ba ce, kin sani. Ranar ta ce mini, "In bawan Allah nan ya mutu ba ka je ba, ban san da wane ido za ni riƙa kallon ka ba." Washegari na kama hanya.

Na iske shi a wani gidan haya mai ɗaki biyu, kwance kan tabarma ƙarƙashin itacen dogon yaro. Mutumin da buhu ɗari ke kwana a sitonshi, ya rame har zoben nan ya koma babban yatsa. Na tsuguna, na faɗi komai: yadda aka cuce ni, yadda na buɗe na gani, yadda na rufe na ba shi, da kwana goman da na yi shiru. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Na san za ka zo. Na dai zaci za ka fi haka sauri."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Umaru, da ranar ka ce mini an cuce ka, wallahi da na raba asarar da kai, mu yi dariya mu sha furarmu. Ba kuɗin ne suka dame ni ba. Na tambaye ka ko ka buɗe."

Na ciro kuɗinshi na ajiye gefen tabarma. Bai dube su ba, ya ce in miƙa wa Hajiya a sayi magani. Na tambaye shi agogon. Ya ce ranar da za su taso ya ajiye shi kan taga, ya bar ƙofa buɗe, ko masu neman shi za su zo su ɗauka su huta.

Da za ni tafi ya kama hannuna ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira, saboda Malam. Amma ka koma ka faɗa a inda ka rubuta." Bai sake ganin Isa ba. Bayan kaka ya rasu, a can aka rufe shi. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa Aljanna ce makomarshi.

Na dawo na rubuta a shafina cewa agogon da na sayar wa Alhaji Nomau jabu ne. Wannan kin gani. Amma ki koma ki duba yadda na tsara maganar. Ban ce na sani kafin in sayar ba. Mutane suka ɗauka ni ma ruɗa ta aka yi ban gane ba, har wasu suna yi mini jaje, ni kuma na karɓa. Ko tubar tawa ma rabi na yi. Ranar bikinki na ji da kunnena, ta bayan katanga, wata mata daga Isa ta yi gugar zana a kan maganar, kika tashi kina rantsuwa cewa babanki bai sani ba, da ya sani da ba za shi sayar ba. Tun da nake ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar rantsuwar nan taki ba. Kin rantse da Allah a kan ƙaryata, kina amarya.

Na sani, Uwata. Na buɗe, na gani, na rufe, na sayar. Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za ni je Isa in faɗi haka a gaban 'yan uwan Alhaji, sa'an nan in rubuta a shafin yadda ya kamata tun farko. Na so ki ji daga gare ni kafin ki gani a waya. Daga yau, in wani ya ce ubanki ya cuci Alhaji Nomau, kada ki yi mishi musu. Ki ce haka ne, ya yi, shina neman gafara.

Ban rubuta wannan don ki bar sana'ar ba. Hannunki ya fi nawa natsuwa, idonki ya fi nawa gani, kuma halal ce in an tsare ta. Ki riƙa shawara da maigidanki kafin ki tura kuɗi mai nauyi, ba don ya fi ki sanin agogo ba, sai don mutum biyu sun fi wuyar gaggautawa. Ki nuna mishi wagga takarda in kin ga dama, ba na ɓoye mishi. In kin karanta kin ji ba ki son jin muryata na ɗan lokaci, ba za ni ga laifinki ba, amma ki riƙa kiran innarki, ita ba ta da hannu a ciki.

Allah Ya tsare ki a gida da waje. Ya tsare ki daga azzalumi, Ya tsare mutane daga hannunki. Ya sa abin da za ki ci da wanda za ki ciyar da zuriyarki ya zama mai tsarki. In za ku zo ganin gida ku taso da sassafe, ku tambayi labarin hanya kafin ku wuce Sakkwato, kada la'asar ta iske ku a daji. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu. Ki gaishe da Malam Bashiru da mutanen gidansu. Ki sa Alhaji Nomau cikin addu'arki, sa'an nan ki sa ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Umaru mai agogo.